A Teburin Yanka Ake Cin Tsere

A goman ƙarshe na azumi shagon tela ba ya barci. Keke na ta ƙara har asuba, ƙyallaye sun rufe ƙasa, yaron shago na gefe yana fama da dutsen guga, maigidan kuma ya sunkuya a kan tebur, alli a hannu, tef a wuya, yana zana layin da almakashi zai bi a jikin shaddar da kuɗinta ya fi hayar shagon ta wata uku. Ranar Sallah idan an fita idi, Alhaji ne zai taho cikin babbar riga tana ɗaukar ido, shi za a yaba, shi za a ɗauka a hoto. Telan kuwa, in ma ya samu zuwa idin, da jan ido zai je.

Duk matashin da ya ce zai karanci injiniyancin motocin tsere domin ya shiga harkar tsere, abin da ya kamata a fara tambayarsa shi ne: rigar kake son sakawa, ko ɗinkin kake son iyawa? Tambayar ba ta raini ba ce. Da yawa sun shiga wannan karatu da mafarkin riƙe sitiyari, sai da tafiya ta yi nisa suka gane ƙofar da suka ƙwanƙwasa ta shago ce, ba ta filin idi ba.

Direbobin da duniya ke kallo a Formula 1 ba ta jami'a suka biyo ba. Lewis Hamilton yana ɗan shekara 8 ya fara tseren ƙananan motocin nan na yara, yana shekara 13 McLaren ta ɗauke shi ƙarƙashin kulawarta, bayan mahaifinsa ya yi ta haɗa aiki biyu da uku don ya iya sayen taya da mai. Max Verstappen yana shekara 17 ya yi tserensa na farko a Formula 1 a 2015, kuma uwa da uba duk 'yan tsere ne. Kafin hukumar FIA ta ba mutum lasisin shiga wannan aji, sai ya tara maki 40 a ƙananan gasanni, kowace gasa kuma da tulin kuɗin da take ci. Saurayin da ya kammala digiri yana da shekara 22, tsaransa da ke neman kujerar sun riga sun yi shekara goma sha wani abu suna tuƙi. Nico Rosberg ya samu gurbin karatun injiniyancin jiragen sama a Imperial College da ke Landan, amma ya ajiye gurbin ya bi tuƙi, don ya san ba za su haɗu masa ba. Shi ne ya zama zakaran duniya a 2016. An taɓa samun telan da ya ɗinka ya kuma saka. A Amurka, Mark Donohue injiniya ne mai digiri, ya ci tseren Indianapolis 500 a 1972, Alan Kulwicki ma injiniya ne, ya zama zakaran NASCAR a 1992 da ƙungiyar da shi ke da ita. Amma ana ƙirga irinsu da yatsu, kuma zamaninsu daban ne.

Sai dai duba ɗaya gefen. Kujerun direbobi a Formula 1 guda 20 ne har zuwa 2025, zuwan Cadillac a 2026 ya mai da su 22. Ita kuwa babbar ƙungiya guda, irin Mercedes ko Ferrari ko Red Bull, ma'aikatanta sun haura dubu, mafi yawansu ba sa taka filin tsere duk shekara. Suna can masana'anta suna zane, suna lissafi, suna gwaji. Ban da Formula 1 ga tseren Le Mans na awa 24, ga IndyCar, ga tseren daji irin Safari na Kenya, ga na babura, ga na motoci masu lantarki. Shagon ya fi filin idi faɗi nesa ba kusa ba, kuma aikinsa ba ya ƙarewa da tsufa ko raunin ido a shekara talatin da biyar. A ganina wanda ya fahimci haka tun farko, ya shiga don son ɗinkin kansa, shi ne wannan karatu zai yi wa rana.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, motar Formula 1 da yadi ake yin ta. Tun 1981, lokacin da John Barnard ya fito wa McLaren da motar MP4/1, gangar jikin waɗannan motoci ta koma ta zaren kabon. Saƙaƙƙen yadi ne baƙi, yana zuwa bandir-bandir, an jiƙa shi da wani irin danƙo. A firiza ake ajiye shi, cikin sanyin da ya kai kusan digiri 18 ƙasa da sifili, don idan ya sha ɗumi danƙon zai fara ƙamewa tun ba a yi aiki da shi ba. Idan za a yi fiffike ko hancin mota, sai a ciro bandir, a yanka shi gunduwa-gunduwa bisa zane, ma'aikaci ya sa safar hannu ya riƙa shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya a cikin mazubi, yana dannawa da yatsa a kowane lungu kada iska ta maƙale. Daga nan a rufe da leda, a zuƙe iskar ciki, a tura cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai zafi da matsi ya yi awanni. Abin da zai fito ya fi ƙarfe rashin nauyi ƙwarai, ga shi da tsananin ƙarfi, amma ta ɓangaren da zaren ya miƙe kawai. Kowane tela ya san wannan sirri: ja yadi ta tsawonsa ba ya motsi, ja shi a karkace sai ya biyo ka. Don haka sai wani ya zauna ya lissafa shimfiɗa nawa za a yi a wannan wuri, zaren kowace ina zai kalla, ina nauyi zai faɗo idan mota ta shiga kwana da gudun kilomita 250 a awa, ina zai faɗo idan ta daki bango da ɗan mutum a ciki. Wannan lissafin shi ne layin allin. Idan aka shimfiɗa falle ɗaya a karkace aka gasa, babu farkewa, sai dai a jefar.

Shi ya sa a shago yanka ne abu na ƙarshe da maigida ke sakar wa yaro. Ɗinki idan ya karkace ana farke shi a sake, amma abin da almakashi ya ci ya ciwu. Yaro zai iya shekara yana taka keke kamar iska, maigida bai yarda ya taɓa masa shaddar mutane ba. A wannan karatu, yankan shi ne lissafi da kimiyyar fiziks: yadda iska ke bi ta kan abu da ƙarƙashinsa, yadda zafi ke tafiya, yadda ƙarfe ke gajiya ya tsage, yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta kwaikwayi zagaye dubu kafin a kunna mota. Yaron da ke son ƙarar inji amma yana gudun ajin lissafi, keke yake so, kuma ba laifi ba ne, kanikancin motocin tsere sana'a ce mai daraja da hanyarta. Amma kada ya kira abin da yake nema injiniyanci.

Bayan yanka sai awo. Kafin a fara kakar wasa, direba yakan zo masana'anta da kayan tserensa, ya zauna cikin gangar motar a kan wata jaka cike da kumfa, ya yi shiru har ta ƙame da siffar bayansa, daga ita a fitar masa da kujerar da ba ta dace da kowa ba sai shi. Wannan mai sauƙi ne. Awon da ke da wuya shi ne na filin tsere. Mai kaya yakan dawo ya ce, “Tela, rigar nan tana kama ni a kafaɗa.” Sabon shiga sai ya rugo ya buɗe kafaɗa. Gwani kuwa sai ya ce, “Alhaji, ɗaga hannunka in gani,” ya zagaya ta baya, ya gane laifin na hammata ne. Haka direba zai dawo gareji ya ce gaban motar yana ƙin shiga kwana, ko bayanta yana zamewa idan ya taka mai. Ya faɗi abin da jikinsa ya ji, amma bai faɗi inda ciwon yake ba. Injiniyansa ne zai buɗe bayanan na'urori kusan 300 da ke jikin motar, ya aza su a kan maganar direba, ya yanke: fiffiken gaba za a ƙara wa kusurwa, ko iskar taya za a rage, ko rabon birki tsakanin gaba da baya za a sauya, ko kuwa direban ne ke saurin sakin birki, sai a nemi hanyar gaya masa ba tare da an kashe masa gwiwa ba. Rabin wannan aiki sanin mota ne, rabi sanin mutum. Peter Bonnington ya yi wa Hamilton wannan aiki a Mercedes daga 2013 zuwa 2024, kuma shida daga cikin kofunan duniya bakwai na Hamilton tare suka ci su. Wanda ya samu telan da ya san jikinsa ba ya saurin sauya shago.

Kuma teburin ba na maza kaɗai ba ne. Leena Gade, wadda ta karanci injiniyancin jiragen sama a Manchester, ita ce injiniyar motar Audi da ta ci Le Mans a 2011. A 2025 Laura Müller ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin injiniyar direba a Formula 1, tare da Esteban Ocon a Haas. Wadda ta fi burge ni ita ce Hannah Schmitz ta Red Bull, mai tsara dabarun tsere. A Hangari a 2022 Verstappen daga na goma ya tashi. Garin ya yi sanyi, ana ɗan yayyafi, tayoyi masu tauri da aka yi niyyar farawa da su ba za su ɗau zafi ba. Gab da tashi ɓangarenta ya sauya shiri aka sa masa masu laushi. Ferrari kuwa, da direbanta Leclerc ke kan gaba, ta sa masa masu taurin a tsakiyar tsere, motar ta kama zamewa. Verstappen ya ci, Leclerc ya ƙare na shida. Wanda ya kalli talabijin ya ga tuƙi, kuma an yi tuƙi, amma shawarar da ta raba gardama a zaune aka yanke ta.

Akwai kuma ƙarancin yadi. Mai kaya zai kawo yadi huɗu ya ce a fitar masa da kaftani da wando, har da aljihu uku. Nan ake gane tela: yadda zai jera gaba da baya da hannuwa a kan yadin kafin ya yanka, har ƙyallen da zai rage bai kai tafin hannu ba. Da can manyan ƙungiyoyi da kuɗi suke rufe kuskurensu, in zane bai yi ba a sake goma. Daga 2021 aka ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a shekara, dala miliyan 145, aka sauko da shi zuwa 135 a 2023. Red Bull ta ɗan haura iyakar a shekarar farko, aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata lokacin gwaji. Bututun da ake gwada iska a ciki ma da awo ake shiga: samfurin motar kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari na girmanta, iskar kada ta wuce kilomita 180 a awa, kuma ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ita ke samun lokaci mafi ƙanƙanta, ta ƙarshe ta fi kowa samu. Wannan ya ƙara wa injiniyan kirki daraja, domin yanzu wanda ya yi tunani daidai tun kafin a yanka shi ake nema.

Sallah ba ta jiran tela, wannan kowa ya sani, kuma gefen nan ne masu tallar kwasa-kwasai ba su cika faɗa ba. Tsere 24 aka yi a 2024, haka ma a 2025, a nahiyoyi biyar, wani lokaci mako uku a jere. Idan direba ya fasa mota ranar Asabar, lokacin tashin tsere na ranar Lahadi ba zai matsa ba. Har sai da aka kafa dokar hana kwana a gareji, aka kuma tilasta wa masana'antu rufewa na kwana 14 a watan Agusta, saboda in an bar su ba za su huta ba. Mutum kusan ashirin da suka sauya wa motar McLaren taya huɗu cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023 sun maimaita wannan motsi sau ba adadi a inda babu mai tafa musu. Mai iyali ya yi wannan lissafin tun da wuri, don suna da biki da jinya duk za su riƙa samunsa a wata ƙasa.

To ta yaya ake shiga? Kamar yadda ake shiga shago. Yaro ba ya zuwa da takarda ya ce a ba shi almakashi. Shara zai fara, da aiken sayo zare, sai saka maɓalli, sai guga, sai kalmasa, wata rana a miƙo masa wandon yaro a ce gwada. Ross Brawn, wanda ya jagoranci ɓangaren fasaha na Ferrari a zamanin Michael Schumacher, ya kuma ci kofin duniya a 2009 da ƙungiya mai sunansa, ba shi da digiri; koyon aiki ya yi a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell, ya shiga harkar tsere a 1976 a matsayin mai sarrafa injin sassaƙa ƙarfe. Yau da wuya a maimaita irin tafiyarsa ba takarda, amma darasinta yana nan. Shagon koyo na wannan zamani shi ne gasar ɗalibai da aka fara a Texas a 1981 da sunan Formula SAE, Birtaniya ta ɗauka a 1998 da sunan Formula Student. Ɗalibai ne ke zana ƙaramar motar tsere, su ƙera ta, su nemo kuɗinta, cikin shekarar karatu guda. Kafin a bar ta ta taka fili sai an karkata ta a kan wani dandamali har digiri 60 a ga ko za ta kife, sai direba ya nuna zai iya fitowa daga cikinta a daƙiƙa 5. Sannan a gwada ta a gudun mita 75, a gwada juriyarta a kilomita 22, inda motoci da yawa ke mutuwa a hanya saboda wani ɗan kusa da ba a ɗaure da kyau ba. Amma wurin da ake gumi shi ne gaban alƙalan zane, injiniyoyi masu aiki a masana'antu, da za su tsaya a kan motar su nuna wani ƙarfe su ce me ya sa kaurinsa ya zama haka, ina lissafin, me aka gwada aka watsar. Maigida ke nan ya karɓi rigar da yaro ya ɗinka, bai kalli gabanta ba, ya juya cikinta waje yana bin kalmasa da yatsa. Ɗalibin da ya sha wannan tambaya sau biyu, ya ƙara da shekarar koyon aiki a wani kamfani, ko ya riƙa bin ƙaramar ƙungiya ranakun ƙarshen mako yana wanke ƙafafun mota yana rubuta zafin taya a littafi, yana da abin faɗa ranar ganawar neman aiki.

Sunan digirin kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Adrian Newey, wanda motocinsa suka ci kofuna a Williams da McLaren da Red Bull, kuma har yau da fensir da allo yake zane, injiniyancin jiragen sama ya karanta a Southampton ya gama a 1980. Andrea Stella na McLaren shi ma jiragen sama ya karanta a Rum. Schmitz injiniyancin injuna ta yi a Cambridge. James Vowles, shugaban Williams, kimiyyar kwamfuta ya fara, daga baya ya je Cranfield ya yi digiri na biyu a kan motocin tsere. Tsarin Vowles shi ne nake ba kowa shawara: a fara da faffaɗan tushe, injuna ko lantarki ko jiragen sama ko kwamfuta, a ƙware a tsere daga baya. Telan da ɗinkin yayi ɗaya kawai ya iya, ranar da yayin ya wuce zai zauna yana kallon titi. Dokokin 2026 sun mai da kusan rabin ƙarfin motar na lantarki, ga man da ba daga rijiya aka haƙo shi ba. Masanin batir da ake yi wa kallon baƙo shekarun baya yanzu nemansa ake. Kuma in tseren bai karɓi mutum ba, ko ya gaji da shi, mai tushe yana da kamfanonin jirage da na makamashi da na motocin hawa a gabansa.

Amfanin makarantun da suka keɓe wa tsere kwas na musamman, a ganina, maƙwabtaka ce. Mai son koyon ɗinki layin teloli yake zuwa, inda ake jin labarin wanda ke neman yaro. A 2025 ƙungiyoyi bakwai cikin goma suna da mazauni a Ingila, yawancinsu ba su da nisa da Silverstone, inda aka yi tseren farko na gasar duniya a 1950: Mercedes a Brackley, Red Bull a Milton Keynes, Williams a Grove, Alpine a Enstone. Jami'o'in Oxford Brookes da Cranfield a tsakiyarsu suke. A Italiya jami'o'in yankin Emilia-Romagna sun haɗa kai da su Ferrari da Dallara da Ducati suna koyarwa. A Amurka akwai Purdue a Indianapolis, da jami'ar da ke Charlotte, cibiyar NASCAR. Ayao Komatsu daga Japan ya taso yana matashi, ya je Ingila ya koyi Turanci, ya yi karatu a Loughborough, a 2024 ya zama shugaban Haas. Tafiya ya yi zuwa inda shagunan suke.

Ga ɗan Kano ko Damagaram hanyar ta fi tsawo, babu amfanin ɓoyewa. Rabon Formula 1 da Afirka tun 1993 a Kyalami. Binciken da Hamilton ya ɗauki nauyi tare da Royal Academy of Engineering, wanda ya fito a 2021, ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fata ba su wuce kashi 1 cikin ɗari na ma'aikatan Formula 1 ba. Ga tsadar karatun ɗalibin waje, ga biza. Amma matakin farko a gida yake, kuma shi ya fi daɗewa. Lissafin da ake koyarwa a Zariya shi ne na Cranfield, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun taɓa ƙera mota suka kai ta gasar Shell Eco-marathon, kuma hannun da ya saba da sifana a garejin unguwa abu ne da ɗalibai da yawa a Turai ke nema su rasa.

Abin da ya rage na sassan injiniyanci ne a jami'o'inmu. Ku ware wa ɗalibai ɗaki guda, da injin walda, da malami ɗaya mai juriya, ku bar su su ƙera motar da za ta mutu a zagaye na uku, su gano dalili, su sake wata baɗi. Dokokin Formula Student suna nan a intanet kyauta, ana yin gasar duk watan Yuli a Silverstone, kuma jami'o'in Masar da Indiya da Pakistan sun daɗe suna kai motocinsu.